Kalmar "Ɗaga" da 'Yan'uwanta

A kasuwar Assiyéyé, kusa da Zongo, 'yan dako suna ɗaga buhunan masara kullum. A makaranta ɗalibi yana ɗaga hannu kafin ya yi magana. Kalma ɗaya ce, amma aikinta da yawa.

Ma'anarta ta farko ita ce a kai abu sama daga ƙasa. Da Faransanci ana cewa "lever la main" ga hannu, "soulever un sac" ga buhu. Tuta kuma tana da tata kalmar, wato "hisser". Ranar 27 ga Afirilu 1960 aka ɗaga tutar Togo, ƙasa ta sami 'yancin kai. Maƙwabta 'yan Gana suna cewa "lift" ko "raise" da Ingilishi.

Wani lokaci ba a ganin abin da aka ɗaga. Mai ɗaga murya yana magana da ƙarfi ne. Mai ɗaga kai yana da girman kai. Idan mai bin bashi ya ɗaga wa mutum ƙafa, ya ƙara masa lokaci ke nan. Idan aka ce an ɗaga jarrabawar CEPD, an mai da ita gaba ne, wato "reporter". Ɗalibin da ya zaci an soke ta zai daina bita, ranar ta zo ya faɗi.

"Ɗaga" tana da 'yan'uwa, amma kowace da gurbinta. "Ɗauka" ita ce a ɗaga abu a tafi da shi. "Cicciɓa" ta kaya mai nauyi ce. "Ɗora" ita ce a sa abu a kan wani. "Ta da" kuwa ta mai barci ce, ko ta mazauna wuri. A shekarar 1977 aka ta da tsohon Zongo daga tsakiyar Lome, mutane suka koma Agoè. Kishiyar "ɗaga" ita ce "sauke".

A lura da lanƙwasar harafi. "Daga" dabam, "ɗaga" dabam: Ya zo daga Kano, ya ɗaga hannu.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin "ɗaga" da "ɗauka"?
2. Me ake nufi da "ɗaga ƙafa"?
3. Ku fassara da Faransanci: An ɗaga taro zuwa gobe.