Fitilar Da Direbobi Suka Daina Kallo

Da safe, idan magidanta suka tayar da motocinsu a lungunan Gobarau da ke cikin birnin Katsina, akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji da ba ta mutuwa a gaban da yawa daga cikinsu. Wani ya yi shekara da ita a kunne. Wani kuma mai aikin waya ya zare masa ƙwan don hankalinsa ya kwanta, abin da bai kamata a yi wa kowace mota ba.

Yawancin motocin nan 'yan Kwatano ne, irin su Golf, Carina E, Camry da Accord, waɗanda a da ake shigowa da su ta Maraɗi da Jibiya. Ba su da kabareta. Wata kwamfuta ce ke auna man da nozul zai fesa, bisa rahoton na'urorin da ke lura da iska, zafin ruwa da hayaƙi. Idan rahoto ya saɓa, sai ta ajiye lamba ta kunna fitilar. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, yin biris da ita ya zama asara, domin na'ura ɗaya da ta lalace tana iya sa mota ta riƙa kwankwaɗar mai.

Tsofaffin Toyota na kafin 1996 ba sa buƙatar wata na'ura kafin su faɗi damuwarsu. A ƙarƙashin bonet akwai ƙaramin akwati mai murfi, da ramuka masu suna. Mai mota zai haɗa TE1 da E1 da guntuwar waya, ya murɗa makulli har fitilu su kama ba tare da ya tayar da inji ba, sannan ya ƙirga ƙyaftawar fitilar. Biyu, ɗan shiru, sai wasu biyu: lamba 22 ke nan, na'urar auna zafin ruwa. Lamba 21 ta na'urar hayaƙi ce. Idan fitilar ta yi ta ƙyaftawa bai ɗaya babu tsayawa, babu komai a ajiye. Honda ta farkon shekarun 1990 tana da soket mai baki biyu ta gefen fasinja, wanda shi ma ake haɗa bakunansa da waya. Doguwar ƙyaftawa goma ce, gajera ɗaya. Amma a Toyota, a duba rubutun murfin sosai, don haɗa ramin da ba shi ba yana iya jawo ɓarna.

Daga 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, Turai ta biyo baya a 2001 ga motocin fetur. Waɗannan suna da soket mai rami 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Ana cusa wata 'yar na'ura mai suna ELM327, a haɗa ta da wayar hannu ta Bluetooth, manhaja irin Torque ta nuna lambar. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai. P0171, iska ta rinjayi mai. P0420 kuwa ta shafi matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, kuma an sha cire ta a sayar.

A nan ne kuɗin mutane ke zurarewa, idan an ga lamba an garzaya sayen kayan gyara. Lamba kamar majiyyaci ce da ya nuna inda ke masa ciwo: saura bincike. P0171 a Katsina, musamman lokacin hunturu, sau da yawa ƙura ce ta dafe na'urar auna iska, ko wata tiyo ta tsage saboda zafi, ko famfon mai ya gaji da dattin man bumburutu. P0301 na iya zama filogi, koyil ko nozul. A motar da kowace silinda ke da nata koyil, sai a musanya na ɗaya da na biyu; idan lambar ta koma P0302, an kama mai laifi ba a sayi komai ba. Al'adar cire tamostat da sunan ƙasarmu da zafi ita ma tana hana inji kai zafin da aka tsara masa, kwamfuta ta ci gaba da ƙara mai.

A rubuta lambar kafin a goge ta, domin cire kan batir yana iya share abin da bakanike zai dogara da shi. Idan kuma fitilar ta fara ƙyaftawa mota na tafiya, ɗanyen mai ne ke gangarawa salansa yana ƙona matatar. Sai a sassauta, a nemi gefen titi a kashe inji.