Mai Bin Sawun Sunaye a Cikin Manhaja

A cikin masu rubuta manhaja akwai wanda ba a tunawa da shi sai abu ya ɓaci. Shafi yana aiki lafiya lau a kwamfutar mai shi, aka ɗora shi a intanet, jama'a suka yi ca a kai, sai ga wani ya buɗe asusunsa ya tarar da sunan wani. Ko saƙon tabbatar da ciniki ya ƙi fita, shiru kake ji. Nan ake nemo mai gyara. Aikinsa bin sawu ne, kuma sawun da ya fi ba shi wuya shi ne na mazubin da abin cikinsa ke sauyawa gwargwadon wanda ya yi kira.

Mazubi a manhaja suna ne da ake ajiye bayani a ƙarƙashinsa. A yawancin harsunan kwamfuta na yau, in kana son sanin abin da suna ke nufi, sai ka duba layukan da ke kewaye da shi, amsa tana nan a rubuce. Wannan hanya ALGOL 60 ya bi, ita kuma Gerald Sussman da Guy Steele suka shigar gidan Lisp da harshen Scheme a 1975. Tsohon Lisp kuwa, wanda John McCarthy ya fara a MIT a 1958, nasa salon daban ne: sai manhaja tana gudana ake sanin abin da suna ya ƙunsa, daga jerin waɗanda suka kira aikin. Kamar ka aiki yaro ka ce ya kai wa maigida. Babu kuskure a saƙon, amma wanda zai karɓa ya danganta da zauren da yaron ya yi sallama.

To me ya sa masu gina shafuka ba su rabu da wannan salo ba? Sauƙi ne ya ja su. Duk buƙatar da ta shigo tana tafe da kayanta: wane ne mai shiga, me ya nema, wace mahaɗa aka buɗe masa zuwa rumbun bayanai. Miƙa waɗannan hannu da hannu ta cikin ayyuka barkatai akwai gajiya. Shi ya sa Hunchentoot, sabar da Edi Weitz ya rubuta da Common Lisp, take ɗaura buƙata a kan suna guda, *request*, kowa ya ɗiba daga inda yake. Taurarin nan biyu na gefe al'ada ce ta mutanen Lisp, gargaɗi ne cewa sunan nan ba ya zama wuri ɗaya. Flask na Python, wanda Armin Ronacher ya fitar a 2010, dabara makamanciyar wannan ya yi.

Rigimar tana farawa ne idan aiki ya bar zaren da ya fara a kai, wato hanyar da kwamfuta ke gudanar da shi. A ce an tura aika saƙo zuwa wani zare don kada mai shiga ya yi ta jira. Sabon zaren bai gaji ɗaurin ba, sai ya tarar da mazubi fanko. Flask a nan yana da kirki, yakan tsaya ya yi kuka cewa ana aiki a wajen buƙata. Wanda ya yi kuka ai ya taimaki mai gyara. Mugun shi ne mai shiru. A Clojure, harshen Rich Hickey na 2007, akwai jerin da ba a lissafa shi sai an zo amfani da shi. An tsara jerin a cikin ɗauri, an kwance ɗaurin, sannan aka zo lissafi, sai ya ɗauki ƙimar gama-gari ya ci gaba abinsa, sakamako ya fito a karkace ba tare da ko tari ba. A Java kuma, inda ake ajiya a ThreadLocal, zare ba ya mutuwa bayan buƙata, komawa yake layi ya jira ta gaba. In ba a share abin da ke jikinsa ba, baƙo na biyu ya gaji kayan na farko.

Saboda haka gwanin wannan aiki ba ya ɓata dare yana zura wa rubutu ido, don rubutun daidai yake. Tambayarsa ita ce wa ya kira, a kan wane zare, kuma ɗaurin yana nan a lokacin ko an kwance? Yakan fara da sa kowane layi na rajistar aiki ya fito da lambar buƙata da sunan zare. Inda lambar ta ɓace, ko ta sauya a tsakiyar hanya, nan ɓarakar take. Mai aiki da Common Lisp yana da wani gata: ta manhajar SLIME a cikin editan Emacs yakan shiga sabar tana raye, ya tsayar da aikin a inda ya faɗi, ya bi jerin kira hawa-hawa yana leƙa mazubi. In ya sake kunna sabar kafin ya leƙa, shaidar ta tafi.

Wasu na ganin salon tsohon yayi ne da ya kamata a binne. Ban yarda ba. Gaskiya Lisp ɗin Emacs ya buɗe ƙofar ɗaya hanyar, ta duba layukan da ke kewaye, a fitowa ta 24 a 2012, amma Python ya kawo contextvars a 2018, Node.js ya biyo da AsyncLocalStorage a 2020, duk don buƙata ta riƙa tafiya da kayanta. Abin da aka gyara shi ne yadda ɗauri ke bin aiki in ya yi ƙaura.

Gyaran kansa bai cika wuce layi biyu ko uku ba: a kwafe ƙimar kafin a tura aiki, a Clojure a nannaɗe aikin da bound-fn ko a tilasta lissafi da doall, ko a share zare kafin ya koma layi. Abin da ke cin lokaci shi ne rubuta gwajin da zai turo buƙatu da yawa lokaci guda da sunaye mabambanta, domin gwajin mutum ɗaya a zare ɗaya, wanda mai shafin ya yi tun farko, kullum cewa yake komai lafiya.