Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Ƙwarin da ke Farautar Tsutsa a Gona

Duk wanda ya saba ɗaga hoge ko tarin kara a gona da damina ya san wani baƙin ƙwaro mai sheƙi da dogayen ƙafafu, wanda da zarar haske ya taɓa shi sai ya ruga neman maɓoya. Manoma da yawa murƙushe shi suke yi, a zatonsu maɓarnaci ne. Alhali kuwa mafarauci ne, abincinsa su ne masu cin amfanin gona.

Masana suna kiran danginsa Karabide, kuma an san nau'insu sama da 40,000 a duniya. Akasarinsu da dare suke fita, wasu ma ba sa iya tashi sama sam. Suna cin tsutsa, da ƙwan ƙwari, da darɓar da ta faɗo daga ganye. 'Ya'yansu da ke cikin ƙasa su ma farauta suke yi.

Yawan nau'insu a gona guda shi ne babban abin lura, domin ba aiki ɗaya suke yi ba. Manya irin su Kalosoma suna hawa kara su kama ƙatuwar tsutsa. Ƙanana suna bin tsagar ƙasa suna tsintar ƙwai. Wasu, kamar Harfalus da Amara, irin ciyawa suke ci, wato suna rage wa manomi noman baɗi. Wani da farkon damina yake aiki, wani sai an doshi kaka. Gonar da nau'i ɗaya ya rage mata tana da kafofi da yawa da ɓarna za ta shigo.

Tun a 1905 aka ɗauko wani nau'in Kalosoma daga Turai zuwa arewa maso gabashin Amurka don ya yaƙi tsutsar da ke cinye ganyen itatuwa. Mu ma batun ya shafe mu. Tsutsar masarar nan da ta ɓulla a Najeriya a 2016, idan ta ƙoshi, saukowa take yi ta shige ƙasa kafin ta rikiɗe ta zama malam-buɗe-littafi, kuma nan ne fagen waɗannan mafarauta. Ba za su kashe annoba su kaɗai ba, amma suna rage ta kafin ta yi ƙarfi.

Abin takaicin shi ne mu muke hallaka su. Feshin maganin da ba ya zaɓe yana kashe su tare da tsutsar, kuma tsutsa ta fi su saurin hayayyafa, sai ta dawo ta tarar ba mai tare ta. Ƙona gona lokacin sassabe da huɗa mai zurfi suna lalata maɓoyarsu da 'ya'yansu.

A Ingila, cikin shekarun 1980, masu bincike sun ɓullo da wata dabara: a ja kunya mai faɗin kusan mita 2 a tsakiyar gonar hatsi, a shuka mata ciyawa mai tushe, a bar ta ba huɗa ba feshi. Nan ƙwarin suke fakewa da sanyi, idan yabanya ta fito su bazu. Gambar da iyayenmu ke bari a kan iyakar gona tana iya ba su irin wannan mafaka, muddin ba a banka mata wuta da rani ba.

Mai son sanin ko gonarsa na da su, ya binne kofi da yamma har bakinsa ya yi daidai da ƙasa, ya duba da sassafe, sannan ya saki abin da ya faɗa ciki.