Abin da ke sa ƙwallon golf ta karkace dama, da yadda ake gyara bugun

Duk wanda ya taɓa leƙa filin golf na Kano ko Kaduna ko na Rayfield da ke Jos da safiyar Asabar ya ga irin wannan. Mutum zai gyara tsayuwa, ya ɗaga sanda ya sheme ƙwallo da dukkan ƙarfinsa. Za ta tashi kamar abin arziki, sai can a sama ta fara lanƙwasa zuwa dama har ta faɗa cikin bishiyoyi.

'Yan wasa na kiran wannan karkacewa silais, kuma ita ce matsalar da ta fi addabar sababbin shiga. Asararta ba kaɗan ba ce. Tun daga 2019 dokar wasan minti uku kacal ta bayar na neman ƙwallon da ta ɓata. Idan ba a gan ta ba, sai mutum ya koma inda ya buga, a kuma ƙara masa bugu ɗaya na tara. Ga kuɗin ƙwallo ya tafi, ga jin kunya a gaban abokai.

Ina matsalar take?

Masu kallon ƙwallon ƙafa za su tuna bugun tazarar da Roberto Carlos ya yi wa Faransa a 1997. Ya daki ƙwallon ne a gefe, ta tafi tana juyawa, juyawar kuma ta sa iska ta lanƙwasa ta. Haka abin yake a golf.

Abu biyu ne ke haɗuwa a daidai lokacin da sanda ta taɓa ƙwallo: inda fuskar sandar ke kallo, da kuma hanyar da kan sandar ke bi. Na'urorin auna bugu irin su TrackMan sun nuna cewa fuskar ce ta fi yanke inda ƙwallo za ta fara nufa, yayin da saɓani tsakanin fuskar da hanyar ke jawo lanƙwasa.

Ga mai bugu da dama, idan kan sanda ya ratso daga waje ya nufi hagu, fuskar kuwa tana kallon dama da wannan hanya, to an shafci ƙwallon ke nan, kuma dama za ta yi. Bahago sai ya juya lissafin. Abin ya fi muni da direba, wato doguwar sandar bugun farko, saboda fuskarta ba ta kwanta sosai ba.

Kuskuren da kowa ke yi

Mai wannan matsala yakan ce bari ya saita jikinsa hagu, in ta karkace sai ta dawo tsakiya. Garin neman gira sai a rasa ido. Juya kafaɗu hagu na ƙara sa sandar ta ratsa ƙwallon, lanƙwasar ta ƙaru. Ƙara ƙarfi ma bai da amfani, domin ƙwallon ƙara nisa kawai za ta yi cikin daji.

Fara da riƙo

Riƙe sandar da hannun hagu, ka kalli bayan hannun. Idan gaɓar yatsa ɗaya kawai kake gani, da wuya fuskar ta rufe a kan lokaci. Murɗa hannun kaɗan zuwa dama har ka ga gaɓoɓi biyu ko uku. Tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta kalli kafaɗarka ta dama, haka ma a hannun dama. Kada ka damƙe sandar kamar mai faskare, domin taurin hannu na hana fuskar juyowa.

Idan bayan haka ƙwallo ta fara tafiya hagu, kada hankalinka ya tashi. Alama ce fuskar ta gyaru, saura hanya.

Sai tsayuwa da hanya

Shimfiɗa sanda ɗaya a ƙasa daidai da yatsun ƙafarka, tana kallon inda kake nufi. Ƙafafu da ƙugu da kafaɗu duk su bi layinta. Mutane da yawa sai sun yi haka suke gane sun daɗe suna kallon hagu ba su sani ba.

Daga nan ka ajiye murfin kan sanda ko robar ruwa marar komai a gefen ƙwallo ta waje, ɗan baya kaɗan. Idan ka dake ta, daga waje kake saukowa. Ka fara saukowa da ƙugu, ba da kafaɗa ba, kuma ka yi rabin bugu a hankali har sai ka daina taɓa robar.

Duba inda ƙwallo ke taɓawa

Shafa hoda ko alli a fuskar direba kafin ka buga. Idan tambarin ƙwallon ya fito kusa da ƙota, wannan kaɗai na iya tura ta dama. Ja da baya kaɗan ka sake gwadawa har ta riƙa taɓa tsakiya.

Kada ka sha maganin wani

Ben Hogan, Ba'amurken da ya ci manyan gasa tara, ya yi shekaru yana fama da kishiyar wannan matsala: ƙwallonsa hagu take karkacewa. Ya gyara riƙonsa ne don hana fuskar rufewa da wuri. Mai fama da karkacewa dama da ya kwaikwaye shi, ƙara wa kansa ciwo zai yi.

Sannan ba kowace lanƙwasa ce aibi ba. Jack Nicklaus ya ci manyan gasa 18 da bugun da ke ɗan karkata dama da gangan. Abin nema shi ne ka san inda ƙwallonka za ta sauka kafin ka buga. Ka ɗauki gyara ɗaya a kowane zuwa filin atisaye, ka fara da riƙo, kuma ka sa mai koyarwa ko aboki ya ɗauke ka bidiyo da waya ta baya don ka ga hanyar sandarka da idonka.