Mai Tayil da Bangon Banɗaki

A sababbin gidajen da ke tasowa a Katsina, daga bayan Ƙofar Ƙaura har wajen Barhim, mai tayil yakan shigo ne bayan magini ya gama filasta, mai famfo ya binne bututunsa. Lokacin kuwa aljihun maigida ya riga ya yi sanyi. Shi ya sa tambayar mai tayil ta farko takan zo da nauyi: "Alhaji, ina za mu tsaya? Rabi, kan ƙofa, ko har silin?"

A tsofaffin gidajen cikin birni ba a san wannan tambaya ba. Makewayi yana can ƙarshen tsakar gida, sau da yawa ba rufi, ana wanka a tsugune da bokiti, rana ta busar da sauran. Yanzu banɗaki ya shigo cikin ɗaki. Bango ɗaya ne tsakaninsa da gado, tagarsa ƙarama, ga shawa tana zubo ruwa daga saman kai.

Rabi, a bakin masu sana'ar, kusan ƙafa 4 ne, wato mita 1.2: layi uku na tayil mai santimita 25 da 40 idan an tsayar da shi. Kan ƙofa mita 2.1 ne, kuma tayil mai 30 da 60 idan aka kwantar da shi, layi bakwai ke kai shi can. Ɗauki banɗaki mai mita 1.5 da mita 2. Kewayen bangonsa mita 7. Rabi zai ci murabba'in mita 8 da ɗoriya, kan ƙofa kusan 15, silin mai mita 3 kuwa 21, kafin a cire gurbin ƙofa da taga. Da yake da mita ake biyan aiki, maigida yakan zaci mai tayil kuɗi yake nema idan ya ce a ƙara tsawo.

Wani lokacin haka ne. Amma gwani ruwa yake dubawa. Mutum a tsaye ƙarƙashin shawa, ruwan da ya daki kafaɗarsa yana fantsama sama da ƙafa 4 nesa ba kusa ba. Filasta ta sha, bulo ya sha, bayan ɗan lokaci fentin ɗakin kwana ya fara kumbura yana ɓarewa, daidai bayan durowar da iyayen amarya suka sha wahala kafin su saya. Zafin Katsina ba ya shiga wannan lungu.

Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne awon farko. Kafin ya kwaɓa siminti, gwani zai zagaya bango da siririn tiyo mai ruwa a ciki, ya fitar da layi ɗaya madaidaici, don ƙasan banɗaki a karkace yake saboda magudana. Daga wannan layi yake lissafi, domin cikakken tayil ya ƙare a sama inda ido ke kaiwa, yankakke ya ɓuya a ƙasa. Ya jiƙa tayil ɗin bango a ruwa, kada ya tsotse danshin siminti. Ya cika bayansa taf. Wanda aka ɗiga wa siminti a kusurwa huɗu, in ka ƙwanƙwasa za ka ji yana kuka kamar ganga. Sannan farin siminti a tsakanin layuka.

A ganina, gefen wanka kada ya gaza kan ƙofa, kuma ya wuce inda bututun shawa ya fito. Gefen masai da wurin wanke hannu, rabi ya wadatar idan kuɗi sun yi kaɗan. Har silin ado ne da sauƙin gogewa, ga mai hali.

Mai gini, ka yanke wannan shawara kafin ka je sayayya, ko a nan Katsina ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Ka saya gaba ɗaya, ka ƙara kwali ɗaya ko biyu na ajiya, domin launin da ka ɗauka bana da wuya ka sake samun irinsa sak baɗi.