Yadda tsofaffin kawunan kibiya suka zama abin nema a Amurka

A Amurka akwai mutanen da ke bin kasuwannin gwanjo da gidajen tsofaffin maharba suna neman wani ɗan ƙarfe da bai wuce tsawon yatsa ba, wato kan kibiya. Ba don farauta suke nemansa ba, adanawa suke yi. Har ƙungiya gare su mai suna American Broadhead Collectors Club, wadda aka kafa a 1974, tana tattara bayanan ire-iren kawunan da aka taɓa ƙerawa.

Mafarin lamarin

Bindiga ta daɗe da ture kwari da baka a ƙasar, sai a farkon ƙarni na 20 wani likita, Saxton Pope, ya koyi harbi a wurin Ishi, mutum na ƙarshe da ya rage daga ƙabilar Yahi ta Kalifoniya. Littafin da Pope ya wallafa a 1923 ya farfaɗo da sha'awar farauta da baka.

A 1934 jihar Wisconsin ta ware wa masu baka lokacinsu na farautar barewa. Daga nan ƙananan maƙera suka duƙufa, kowa da irin tasa ƙirar. Da yawansu ba su daɗe a kasuwa ba, shi ya sa kayansu ke wuyar samu a yau, kuma ƙarancin ne ke ɗaga musu daraja.

Yadda ake tantancewa

Abu na farko da masana ke dubawa shi ne gindin kan. Na da, rami gare su, ana cusa sandar itace a liƙe da gam. Masu zare irin na kusar ɗauri sun yaɗu ne daga baya, bayan da sandunan alminiyom suka karɓu.

Sai kuma yawan kaifin, da launin fenti, da sunan da aka buga a jikin ƙarfen. Misali, Razorhead, wanda kamfanin Fred Bear na garin Grayling a jihar Michigan ya fitar a 1956, ana gane shi da wata 'yar tsaga da ake zura ƙaramar reza a ciki. Kamfanin Zwickey na Minnesota kuwa a ƙarshen shekarun 1930 ya fara ƙira, kuma siffar kayansa ba ta sauya sosai ba, don haka raba tsoho da sabo sai ido ya goge.

Na harbin kifi daban ne

Kan kibiyar kifi ba ya buƙatar faɗin kaifi, tunda manufarsa ya huda ya riƙe. Ya fi nauyi domin ya ratsa ruwa, yana kuma da kunnuwa da ke hana kifi suɓucewa, tamkar zagon masuntanmu. A wasu samfuran ana iya juya kunnuwan ko a kwance tsinin don a zare kifin. Irin dabarar da aka yi wa kunnuwan na taimakawa wajen gano maƙerin.

Kuskuren da ke jawo asara

Babbar ɓarnar da sabon shiga ke yi ita ce gyara. Wanda ya ga tsatsa ya ɗauko magagari ya goge, ko ya wasa, ko ya sake fenti, zai iya share sunan da ke nuna wanda ya ƙera da zamaninsa. Da zarar shaidar ta tafi, tsohon ƙarfe kawai ya rage. Ɗan shafa mai da ajiya a busasshen wuri sun wadatar.

A nan gida, kibau na maƙeranmu galibi ba su ɗauke da suna, tarihinsu a bakin dattawa yake. Duk wanda ya gaji kwarin kakansa, gara ya tambaya ya rubuta tun masu sani na raye, ya kuma kula da hannunsa, domin wasu tsofaffin kibau na ɗauke da dafi.