Gasar Solo Nationals

Solo Nationals gasa ce ta ƙasa ta wasan otokuros a Amurka, wadda ƙungiyar masu motocin wasa ta ƙasar, SCCA, take shiryawa duk shekara a watan Satumba. Otokuros, wanda ake rubutawa autocross da Turanci, wasa ne da direba yake bi da mota ta wata karkatacciyar hanya da aka shata da robobin alama a kan fili mai kwalta ko kankare. Mota ɗaya ce ke tashi a lokaci guda, kuma agogo ne ke raba gardama. Tun shekarar 2009 ake yin gasar a filin Lincoln Airpark da ke birnin Lincoln a jihar Nebraska. Direbobi sama da 1,000 ne ke shiga kusan kowace shekara, abin da ya sa ake lissafa ta cikin manyan tarukan wasan mota na masu son kansu a duniya. Kaso mai yawa na motocin da ke fafatawa motocin hawa ne na yau da kullum, masu lamba, waɗanda masu su ke zuwa aiki da su.

Ma'anar sunan

Sunan otokuros ba abu ɗaya yake nufi a ko'ina ba. A Amurka yana nufin tseren agogo tsakanin robobin alama. A Ingila da sauran ƙasashen Turai kuwa, tsere ne a kan ƙasa ko ciyawa, kuma a gasar Turai motoci da dama ke tashi tare. Wasan da ya yi kama da na Amurka ana kiransa autosolo a Ingila, a Japan kuma gymkhana. SCCA ta sa wa nata suna Solo saboda kowane direba shi kaɗai yake shiga, babu gogayya kafaɗa da kafaɗa.

Tarihi

An kafa SCCA a shekarar 1944, kuma hedikwatarta tana Topeka a jihar Kansas. An yi gasar ƙasa ta farko a 1973 a filin tsere na Mid-America Raceway da ke Wentzville a jihar Missouri. A shekarun farko gasar tana yawo daga wannan gari zuwa wancan, kafin ta zauna a Salina ta jihar Kansas har zuwa 1994. A 1995 ta koma filin jirgin sama na Forbes Field a Topeka, daga 2006 zuwa 2008 kuma aka yi ta a Heartland Park a garin. A 2009 aka mayar da ita Lincoln. Ba a yi gasar ba a 2020 saboda annobar korona, don haka sai a 2023 aka yi karo na 50. Kamfanin sayar da tayoyi na Tire Rack ya daɗe yana ɗaukar nauyinta, har sunansa na cikin sunan gasar.

Zaɓen fili

Matsala ta farko da ke gaban masu shirya irin wannan gasa ita ce samun fili. Ana buƙatar shimfiɗaɗɗen wuri mai faɗi, wanda babu turakun fitila, magudanar ruwa ko gini a tsakiyarsa, kuma mai shi ya yarda a rufe shi kwana da kwanaki. Filin Lincoln tsohon sansanin sojan sama ne da aka rufe a 1966, kuma dandalin da ake ajiye jiragen yaƙi a da shi ne ake amfani da shi. Faɗinsa ya isa a shata hanyoyi biyu a lokaci ɗaya, ta gabas da ta yamma, a kuma bar wurin ajiye motoci da na gwaji. Kankare ya fi yawancin kwalta riƙe taya, shi ya sa direbobin da suka saba da kwalta a garuruwansu kan sake daidaita iskar taya da shokozoba idan sun iso. Wani dalilin zaɓen Kansas da Nebraska shi ne suna tsakiyar ƙasar, ta yadda mai tasowa daga gabas da mai tasowa daga yamma za su yi tafiya kusan daidai.

Shata hanya

Kowace shekara ana naɗa masu zana hanya, kuma ba a maimaita zanen bara. Dokokin SCCA sun gindaya iyaka: faɗin hanya kada ya gaza ƙafa 15, wato kimanin mita 4.6, kuma idan an jera robobi a layi ɗaya domin mota ta riƙa saƙawa tsakaninsu, tazarar kada ta gaza ƙafa 45. Hanya ba ta matsowa kusa da abu mai ƙarfi kamar katanga fiye da ƙafa 25, kuma ana nisanta ta da 'yan kallo da ƙafa 75. Ana zana ta yadda motocin titi mafi gudu ba za su wuce kimanin kilomita 100 a awa ba. Yawancin motoci a giya ta biyu suke gama hanyar, cikin minti ɗaya ko ɗan sama da haka.

Gwanin mai zane yana ƙoƙarin kada hanya ta fifita wata irin mota. Idan miƙaƙƙun wurare suka yi yawa, masu babban inji sun ci riba. Idan kwana ta matse, ƙananan motoci marasa nauyi ne za su more. Ba a yarda kowa ya gwada hanyar gasa da mota kafin a fara ba. Da ƙafa ake zagaya ta, sau da yawa, har direba ya haddace inda zai taka birki da inda zai juya sitiyari.

Rukunin motocin titi

An raba motoci gwargwadon yawan sauyin da aka yi musu, tun daga wadda take kusan yadda ta fito daga kamfani har zuwa wadda aka ƙera domin tsere kawai. Rukunin da ya fi kusa da motar kamfani shi ne Street, wanda ya maye gurbin tsohon rukunin Stock a 2014. A cikinsa akwai azuzuwa, daga Super Street na motoci mafi ƙarfi, sai A Street har zuwa H Street. A ajin F Street ake samun Ford Mustang da Chevrolet Camaro, yayin da tsofaffin Mazda MX-5 da Toyota MR2 Spyder suka mamaye E Street. Akwai kuma azuzuwan mata, ko da yake mace na da damar shiga ajin kowa da kowa.

Sauyin da aka halatta a Street kaɗan ne. Ana iya canza shokozoba, fatar birki, ƙarshen salansa, da ɗaya daga cikin sandunan da ke hana mota kwantawa a kwana. Ba a taɓa cikin inji, ba a kuma cire kujeru don rage nauyi. Batun taya shi ne ya fi jawo muhawara. A zamanin Stock ana amfani da tayoyin tsere masu laushi, masu tsada da saurin cinyewa, har ya zama mai kuɗin sayen sababbi ya fi kowa dama. Tun 2015 doka ta ce tayar Street sai mai lambar juriya 200 ko sama, wato irin wadda ake iya hawa titi da ita. Wannan ya rage kashe kuɗi, amma kamfanonin taya sun shiga gasar ƙera tayoyi masu wannan lamba da ke riƙe ƙasa sosai, kuma ƙungiyar na da ikon haramta duk wadda ta ga ta kauce wa manufar dokar.

Binciken mota

Kafin mota ta shiga sai ta wuce hannun masu bincike. Suna duba birki, totur, ɗaurin batir, notocin taya da bel ɗin kujera, sannan a fitar da duk wani abu da zai iya yawo a cikin mota. Hular kwano mai shaidar inganci wajibi ce. Motoci masu tsayi da ƙarancin faɗi, irin wasu jif-jif da a-kori-kura, ba a karɓarsu saboda haɗarin kifewa. Direba ba ya buƙatar lasisin tsere na musamman. Lasisin tuƙi da zama ɗan ƙungiya sun wadatar. An kuma yarda mutum biyu su yi tarayya a mota ɗaya.

Tsarin kwanaki da lissafi

Gasar kwana 4 ce, daga Talata zuwa Juma'a a makon hutun ranar ma'aikata ta Amurka. Rabin azuzuwan na fafatawa Talata da Laraba, sauran kuma Alhamis da Juma'a. Kowane aji yana yin yini ɗaya a hanyar gabas, yini ɗaya a ta yamma, kuma direba na da zagaye 3 a kowacce. Ana ɗaukar lokacinsa mafi kyau na kowace rana a haɗa, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne zakara. Na'urar haske ce ke auna lokaci har zuwa kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa.

Kowace roba tana zaune cikin ɗan akwati da aka zana a ƙasa. Idan mota ta kayar da ita ko ta fitar da ita gaba ɗaya daga akwatin, ana ƙara wa direba daƙiƙa 2. Idan tana tsaye kuma tana taɓa layin, babu tara. Wanda ya tsallake wata ƙofa kuwa, an soke masa zagayen. Misali, direban da ya yi daƙiƙa 60.500 ya kayar da roba ɗaya, za a rubuta masa 62.500, don haka wanda ya yi 61.900 ba tare da taɓa komai ba ya sha gabansa. A ajin da ake rabuwa da ƙasa da rabin daƙiƙa, roba ɗaya ta isa ta raba mutum da kambu.

Ma'aikata

Mafi yawan aikin gasar 'yan takara ne da kansu ke yi. Wanda ya yi tuƙi a wani kaso na yini zai yi aiki a wani kason, kuma ƙin yin aikin na iya jawo a soke sakamakonsa. Wasu na tsayawa a tashoshin gefen hanya riƙe da rediyo, jan tuta da tukunyar kashe gobara, suna mayar da robobin da aka kayar, suna sanar da ɗakin lissafi. Wasu na jera motoci, wasu na ba da izinin tashi. Akwai jami'in kula da lafiyar taro mai ikon tsayar da komai idan ya ga haɗari. Direban da aka ɗaga wa jan tuta ba da laifinsa ba, ana ba shi damar sake zagayen. Wannan tsari ne ya sa kuɗin shiga ya yi ƙasa sosai idan aka kwatanta da tseren da'ira.

Ƙorafi da hukunci

Da zarar aji ya gama, ana tsare motocinsa a wuri ɗaya, a buɗe bonet da but, kowa ya duba motar abokin karawarsa. Wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba sai ya shigar da ƙara a rubuce tare da biyan kuɗi, kwamiti ya zauna. Idan binciken na buƙatar kwance wani sashe na mota, mai ƙara ne ke ajiye kuɗin jingina, kuma zai yi asararsa in aka samu motar ba ta da laifi. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara.

Ƙalubale

Yanayi shi ne abin da masu shiri ba su da iko a kansa. Ruwan sama ba ya tsayar da gasar sai in akwai tsawa, kuma idan ya sauko ana tsakiyar zagaye, waɗanda suka riga suka shiga a busasshen fili sun samu fifiko. Shi ya sa ake haɗa 'yan aji ɗaya a lokaci ɗaya. Ɓarɓashin taya da ke taruwa a gefen layin da motoci ke bi shi ma yana sa santsi yayin da mako ke tafiya. Babbar barazana ga wasan ita ce ƙarancin filaye: rassan ƙungiyar a jihohi sukan rasa wuraren da suke amfani da su saboda gine-gine, ƙorafin ƙara daga maƙwabta ko sharuɗɗan inshora, alhali daga waɗannan ƙananan gasanni ne direbobin Lincoln ke fitowa. Kyautar da zakara ke samu daga ƙungiyar kofi ce da sunan gwarzon ƙasa a ajinsa, sai kuma kuɗi ko tayoyi da wasu kamfanoni ke bai wa wanda ya yi nasara da kayansu.